Bimbinin Safiya: Makabartu Biyu a Bakin Kogin Tisa

  Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya kwantar da mu, ya kuma tashe mu. Kafin hidimar yini ta ɗauke maka hankali, buɗe Bisharar Yohanna sura 10, ka karanta aya ta 1 zuwa ta 5 a natse. A nan ne Yesu yake bambanta makiyayi na gaskiya da ɓarawon da ke haurowa ta katanga. Cikin alamomin da ya bayar akwai wadda ido yakan tsallake saboda sabo: makiyayin yana kiran kowace tunkiya da sunanta. Ɗan haya yakan ƙirga garke da yamma, in lissafi ya cika ya kama hanyar gida. Mai garke kuwa ya san gurguwar, ya san mai ciki, ya san wadda ta cika ratsewa gonar mutane. A kan wannan za mu yi bimbini yau, kuma zan ja ka zuwa nesa, can arewacin ƙasar Romaniya, inda makabartu biyu suka zaunar mini da wannan aya a zuciya.

Romaniya tana gabashin Turai. Mutanenta wajen miliyan 19 ne, mafi yawansu Kirista mabiya ɗarikar Otodoks. Baƙi da yawa sukan tsaya a Bukarest, babban birni, su ɗauki hoton katafaren ginin majalisa, ko su je kallon tsofaffin gidajen sarauta na Tiransilbaniya. Wanda ya daure ya nausa arewa, ya ratsa duwatsu har ya kai inda kogin Tisa ya raba Romaniya da Yukren, shi ne ya shiga Maramuresh. Ƙasar tuddai ce da dazuzzuka, mutanenta kuma sun gaji sassaƙa tun kaka da kakanni. Gida na katako, rumbu na katako, cokali na katako. Ƙofar gida ita ce martabar maigida: dogayen ginshiƙai da ɗan rufi a kansu, an sassaƙa musu siffar murɗaɗɗiyar igiya da ta rana. Majami'unsu ma na katako ne, da siririyar hasumiya mai tsini da ake hangowa tun daga nesa, kuma 8 daga cikinsu Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ranar Lahadi za ka ga tsofaffin mata da ɗankwali da faffaɗan siket, maza da 'yar malafa a tsakar ka, suna tafe a ƙasa zuwa sujada. A gidan da aka sauke ka za a ajiye maka mamaliga, wadda ba ta da maraba da tuwon masararmu, da cuku a kai, uwargida kuma ba za ta yarda ka ƙoshi ba sai ta ga ka ƙara.

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Shi ya sa wanda ya je ƙasar mutane ya kamata ya rage surutu ya ƙara tsayawa. Riga da rawa da abinci duk al'ada ce, amma in kana so ka san abin da jama'a suka riƙe da gaske, duba yadda suke yi da matattunsu.

Ƙauyen Sapantsa yana daf da iyaka. A cikinsa akwai majami'a, kewaye da ita kuma makabartar da duniya ta sani da suna Makabartar Fara'a. Kana shiga, shuɗi ne zai fara bugun idonka. Gicciye ne na katako fiye da 800, jere-jere, an shafe su da shuɗin fenti mai haske, an yi musu ado da ja da rawaya da kore. Kowane gicciye yana da faffaɗan allo. A sama an sassaƙa hoton mamacin yana cikin aikin da aka san shi da shi. A ƙasa an rubuta 'yan baitoci cikin karin harshen ƙauyen, an tsara su a bakin mamacin, shi ne yake magana da mai wucewa: ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi a duniya, shekarun da ya kai, da abin da ya raba shi da ita.

Wani masassaƙin ƙauyen, Stan Ioan Patrash, shi ya fara wannan a 1935. An haife shi a 1908, ya yi ta sassaƙa har rasuwarsa a 1977, kabarinsa kuma yana nan cikin na jama'a da irin gicciyen da ya yi wa maƙwabtansa. Almajirinsa Dumitru Pop ya ɗora daga inda ya tsaya. Iyalin mamaci sukan zo su ba da aiki, amma masassaƙin ne yake zaɓar hoto da kalmomi, domin a ƙauye ba a ɓoye wa maƙwabci hali.

Bi layi a hankali ka gani. Ga mace a gaban masaƙa tana saƙa bargon ulu, irin wanda Sapantsa ta yi suna da shi. Ga wata tana kaɗi da mazari. Ga wata tana kwaɓa burodi. Ga makiyayi da sandarsa da tumakinsa. Ga mahauci da wuƙarsa, ga malamin makaranta, ga direban tarakta, ga mai yankan ciyawa da dogon lauje, ga soja cikin kaki. Ga wata 'yar yarinya da mota ta buge kusa da gidansu, an zana ta, an zana motar. Ga wanda giya ta cinye, an zana shi da kwalbarsa. Ba a rufa masa asiri ba, ba a kuma ware shi waje ba. Yana kwance a jere ɗaya da masu kirki, shuɗinsu iri ɗaya.

Sunan nan na fara'a yana ruɗin baƙi. Za ka ga motocin masu yawon buɗe ido sun tsaya, ana rububin neman gicciyen da aka yi wa wata suruka ba'a, a yi dariya, a ɗauki hoto, a wuce. Akwai barkwanci a wurin, wannan gaskiya ne, mutanen ƙauyen ba sa jin kunyarsa. Amma wanda ya tsaya a gaban allon yarinyar nan ya san uwarta ba dariya ta yi ba ranar da aka kafa shi. Abin da ke wurin ya fi fara'a nauyi. Ƙauye guda ne ya yanke shawara cewa ba wanda zai shiga ƙasa a matsayin "wani". Matar da ta ƙare rayuwarta tana tatsar saniya da asuba, wadda sunanta bai taɓa fita daga kwarin nan ba, ita ma ta isa a sassaƙa fuskarta tare da saniyarta, a rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.

Ina tsaye a wurin, labarin Tabita ya faɗo mini, wadda ake kira Dokas, a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu a Yafa aka aika a kira Bitrus, gwaurayen mata suka kewaye shi suna kuka. Me suka nuna masa? Riguna. Tufafin da ta ɗinka da hannunta tun tana tare da su. Ruhu Mai Tsarki bai ga wannan ya yi ƙanƙanta da shiga Littafi ba. Allura da zare sun samu wuri a cikin Maganar Allah, tare da sunan mai su da sunan garinta. Haka kuma Romawa sura 16. Bayan Bulus ya gama koyarwa mai zurfi a kan zunubi da alheri da bangaskiya, sai ya shiga ambaton mutane ɗaya bayan ɗaya: Fibi, Biriskila da Akila, Rufus da mahaifiyarsa wadda ta zama uwa ga Bulus ma. Har magatakardan da ya rubuta wasiƙar, Tartiyas, ya sa tasa gaisuwar. Mukan yi sauri mu wuce irin waɗannan surori don mu kai ga abin da muke kira koyarwa. Ai su ma koyarwa ce. Suna nuna mana irin Allahn da muke bauta wa.

Saboda haka ke da kika tashi tun duhu kina hura wuta, kina shirya yara, ba wanda ya ce miki sannu. Kai da za ka hau babur ka yini cikin ƙura don kuɗin cefane. Malam da za ka shiga aji alhali albashi bai shigo ba. Baba da ƙarfi ya ƙare, ba abin da ya rage maka sai zama a ƙofar gida da addu'a: akwai mai ganin aikinku dalla-dalla, ya kuma san mai shi.

Yanzu mu bar Sapantsa. Daga nan zuwa garin Siget bai kai kilomita 20 ba. A cikin garin akwai tsohon kurkuku da aka gina a 1897, zamanin daular Ostiriya da Hungari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan kwaminis suka ƙwace mulkin Romaniya, suka tilasta wa Sarki Mihai sauka a ƙarshen 1947. A watan Mayun 1950 aka bi dare aka kwashe tsofaffin ministoci da janar-janar da malaman jami'a da 'yan jarida daga gidajensu, aka loda su a motoci zuwa Siget, kusa da iyakar Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, inda ba mai jin kukansu. Kafin shekarar ta ƙare aka kawo bishop-bishop da firistoci, galibinsu na ikkilisiyar Katolika mai bin tsarin sujadar Gabas, wadda gwamnati ta haramta a 1948 ta ce su rabu da Roma, suka ƙi. Da yawa cikin fursunonin ba a taɓa kai su gaban alƙali ba. Da yawansu dattawa ne da suka haura 60.

Ɗakunan ba ɗumi, a ƙasar da hunturu ke daskarar da ruwa. Abinci ɗan abin da zai hana mutuwa nan take. An hana su kwanciya da rana, an hana su leƙa taga, daga baya ma aka toshe tagogin yadda sama kaɗai ake iya gani. Wanda aka ce ya yi laifi a jefa shi ɗakin horo marar haske ko kaɗan, a ɗaure shi da sarƙa a tsakar ɗaki. Tsakanin 1950 da 1955 fiye da mutum 50 suka mutu a gidan. Cikinsu akwai Iuliu Maniu, wanda ya yi firaminista sau uku, yana kuma cikin jagororin haɗewar Tiransilbaniya da Romaniya a 1918. Ya mutu a Fabrairun 1953 yana da shekara 80. Bishop Ioan Suciu ya bi shi a wannan shekarar, yana da 45 kacal. Ba a yi musu jana'iza ba. Da dare ake fitar da gawa, a kai ta bayan gari, filin da ake binne matalauta da marasa dangi, a rufe, a baje ƙasar. Ba gicciye, ba allo, ba firist. Har yau ba mai iya nuna maka kabarin Maniu.

Tsaya ka auna, ɗan'uwa. A can ƙauye mai tatsar saniya tana da hoto da baiti. A nan gari wanda ya shugabanci gwamnatin ƙasa ba shi da ko tsinke a kansa. Hanya ɗaya ce ta haɗa wuraren biyu, kuma a shekarun da Patrash yake zaune yana sassaƙa sunayen manoma, a shekarun nan ne ake baje kaburbura a Siget.

Garin ya riga ya ga irin wannan tun kafin 'yan kwaminis. A Mayun 1944, lokacin yankin yana hannun Hungari, aka tara Yahudawan Siget da kewaye, fiye da 12,000, aka zuba su cikin jiragen ƙasa zuwa sansanin Aushwits. Cikinsu akwai yaro ɗan shekara 15, Elie Wiesel. A sansanin aka zana masa lamba a hannu, A-7713, ita ta maye gurbin sunansa. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa da mahaifinsa ba su dawo ba. Shi ya rayu ya ba da shaida, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1986, gidansu kuma yana nan a Siget, ya zama gidan tarihi. Akwai kuma wanda Kiristocin ƙasarmu da yawa suka ji labarinsa, Fasto Richard Wurmbrand, wanda ya kafa ƙungiyar Voice of the Martyrs. Shi a wasu gidajen yarin ƙasar aka tsare shi, shekara 14. Da aka sace shi a kan titin Bukarest a Fabrairun 1948, sai aka rubuta shi a rajista da sunan ƙarya, Vasile Georgescu, don kada mai nema ya same shi, aka kuma tura wa matarsa Sabina mutanen da suka ce sun halarci binne shi. Shekara 3 ya yi shi kaɗai a ɗaki ƙarƙashin ƙasa, yana tsara wa'azi a ka, yana yi wa Allah da bango.

Haka mugunta take aiki ko'ina. Kafin ta kashe mutum, ko bayan ta kashe shi, sai ta nemi sunansa ta goge. Ta mai da shi lamba, ko "maƙiyin jama'a", ko "irin mutanen nan". Dalili kuwa, hannu yakan yi nauyi a kan wanda ka san sunansa da sunan uwarsa, amma a kan lamba ba ya jin komai. Ɓarawon da Yesu ya ambata ba ruwansa da sunan tunkiya, nama yake nema.

Hanyar Allah dabam ce, kuma Littafi ya cika da shaidarta. A Fitowa sura 1, sarkin Masar da ya ba da umarni a kashe jariran Ibraniyawa ba a faɗi sunansa ba, sarautarsa kawai aka ambata. Ungozoma biyun da suka ji tsoron Allah suka ƙi bin umarnin kuwa, ga sunayensu har yau: Shifra da Fu'a. A Luka sura 16 attajirin da ke shan daɗi kullum ba shi da suna, mai baran da ke kwance a ƙofarsa da miyaku shi ne Li'azaru. Musa bawan Allah an binne shi a ƙasar Mowab, ba wanda ya san kabarinsa, amma ranar da kamannin Yesu ya sāke a kan dutse, ga Musa tsaye tare da Iliya yana magana da Ubangiji, almajirai ma sun gane shi. Kabarin ya ɓace wa mutane, mutumin bai ɓace wa Allah ba. Wahayi sura 20 ya ce a ranar ƙarshe teku ma za ta fito da matattun da ke cikinta. In teku ba ta iya riƙe su ba, ina ga wani fili a bayan garin Siget?

Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne Yohanna sura 20. Maryamu Magadaliya tana tsaye a bakin kabari da sassafe tana kuka. Lura da abin da take kuka a kai: an ɗauke gawar, ba ta san inda aka kai ta ba. Wannan shi ne kukan matan Siget, kukan Sabina, kukan duk uwar da aka hana ta ko da kabarin da za ta durƙusa a kai. Yesu yana tsaye a gabanta, hawaye ya hana ta gane shi, ta ɗauka mai lambu ne. Bai yi mata dogon bayani ba. Sunanta ya kira, nan take ta san muryar. Abin da ya faɗa a sura 10 shi ya aikata a sura 20, kuma mace mai kuka ce ta fara jin sa daga bakin wanda ya ci nasara a kan mutuwa.

Romaniyawa ba su bar filin nan na Siget ga mantuwa ba. An daina tsare mutane a kurkukun a 1977, ginin ya zama wurin ajiya, daga baya ya koma kango. Mulkin kwaminis na Caushesku ya faɗi a Disamban 1989. A 1993 marubuciya Ana Blandiana da mijinta Romulus Rusan suka tashi su mai da kangon wurin tunawa. Aka bi tsofaffin fursunoni da iyalansu ana naɗar muryoyinsu, ana tattara hotuna da wasiƙu da 'yan kayan da suka rage. Yau ɗakunan fursuna sun zama ɗakunan gidan tarihi. Bangon doguwar hanyar shiga cike yake da fuskoki, dubbai, maza da mata, manoma da ɗalibai da firistoci. A tsakar gidan akwai ɗakin addu'a a ƙarƙashin ƙasa, a bangon hanyar da ke gangarawa zuwa cikinsa an sassaƙa dubban sunaye a dutse, masu ziyara suna kunna kyandir. A filin matalauta kuwa, da yake ba a iya rarrabe kaburburan ba, sai aka dasa itatuwa a jere da siffar taswirar ƙasar. Ranar 2 ga Yunin 2019, a garin Blaj, Paparoma Francis ya ayyana bishop 7 da suka sha wuya a hannun mulkin nan a matsayin masu albarka, Ioan Suciu yana cikinsu. A ganina wannan tattara sunaye aikin ibada ne, ko da ba a kan bagade aka yi shi ba. Kuma ka lura, ba wanda aka kira ya ɗauki makami a gidan nan. Tunawa dabam, ramuwa dabam. Mai tunawa yana mayar wa mamaci mutuncinsa. Shari'a ta ƙarshe ya bar wa mai ita.

Ina tsammanin tushen wannan hali yana cikin sujadarsu ta kowane mako. Shiga majami'ar Otodoks a Romaniya, kusa da ƙofa za ka tarar da takardu da alƙalami. Mutum yakan rubuta sunayen nasa, masu rai a gefe guda, waɗanda suka yi barci a gefe guda, ya miƙa wa firist ya ambace su a gaban Allah. Sunan baftisma kaɗai ake sawa, ba muƙami, ba sunan zuriya. Minista da mai shara duk Ion ne ko Mariya a kan takardar nan. A waje akwai wuraren kunna kyandir guda biyu, ɗaya na masu rai, ɗaya na matattu. In mamaci ya cika kwana 40 iyalinsa sukan dafa alkama da sukari su kai majami'a a raba wa jama'a, domin tuna ƙwayar alkamar da Yesu ya yi magana a kanta, wadda sai ta faɗi ƙasa ta mutu take ba da 'ya'ya. Wanda ya san sadakar arba'in a ƙasarmu ba zai ga wannan baƙon abu ba. Ikkilisiyoyinmu bakinsu bai zo ɗaya ba a kan yi wa matattu addu'a, kowa ya riƙe abin da ya gamsu da shi daga Littafi. Amma gefen masu rai ba mai gardama a kai. Miliyoyin Romaniyawa suna ci-rani a Italiya da Sifen da Jamus da Ingila. A ƙauyukan Maramuresh za ka ga manyan gidajen bulo da aka gina da kuɗin ci-rani, a kulle mafi yawan shekara, masu su sai a watan Agusta ko lokacin Kirsimeti. Tsohuwar da aka bari tana gadin gida ita ce za ka gani ranar Lahadi ta duƙa kan takarda, hannu yana rawa, tana jera 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tara su a dunƙule ta ce Allah ya tsare yara. Kowane sai ta kira shi.

Mu fa? Da safen nan wani zai kunna rediyo ko ya duba waya, ya ji an kashe mutum kaza a ƙauye kaza, an sace kaza a hanya kaza. Filato, Kudancin Kaduna, Zamfara, Binuwai, Borno. Mun ga an haƙa rami ɗaya an jera mutane. Adadi ne ke isowa kunnenmu, har kunnen ya saba, har mukan ce yau da sauƙi in adadin ya yi ƙasa. Alhali kowane ɗaya cikinsu akwai ranar da aka taru aka raɗa masa suna, Kirista ne ko Musulmi. Yana da sana'a, yana da wanda ke jiran dawowarsa. In muka yarda suka zama lamba a bakinmu, mun taya ɓarawo ƙarasa aikinsa. Ba sai muna da masassaƙi da shuɗin fenti ba. Littafin rubutu guda ya isa. Me zai hana kowace ikkilisiya da abin ya shafa ta rubuta nata, suna da sana'a da rana, ta kuma rubuta gwauraye da marayun da suka bari, a san wanda za a kai wa hatsi da wanda za a biya wa kuɗin makaranta?

Abin ma ya fi haka kusa da mu. Mai gadin gidanku, yarinyar da ke taya aiki, mai garuwar da ke kawo ruwa, almajirin da ke tsayawa a ƙofa da kwanonsa. Shekara nawa ana kiransu "kai", "ke", "yaro"? Ba mu ɗaure kowa da sarƙa ba, gaskiya ne. Amma wanda ya saba wuce mutane ba tare da ya gan su ba, zuciyarsa tana koyon halin da bai yi kama da na Makiyayinsa ba.

Wataƙila kuma kai ne aka manta. Ka yi hidima a ikkilisiya an gode wa wani. 'Ya'ya sun tafi birni, waya ta daina ƙara. Ko kana kwance a asibiti, ana kiranka da lambar gado. Ka tuna da mutumin da ke ƙarƙashin ƙasa a Bukarest, wanda rajistar gwamnati ta ba shi sunan wani, aka gaya wa matarsa ya mutu. Duk da haka sama ba ta ruɗe ba, ta san wanda ke cikin ɗakin. Yesu ya gaya wa almajiransa a Luka sura 10 cewa babban abin murnarsu ba ikon da suka gani a hannunsu ba ne, shi ne an rubuta sunayensu a sama. Littafin nan ba gandiroban da zai kai hannu gare shi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, Makiyayi nagari, mun gode da ka san mu ɗaya-ɗaya. Ka ta'azantar da duk wanda aka hana shi kabarin nasa, a Romaniya da ƙasarmu da ko'ina. Ka albarkaci mutanen Maramuresh, ka tsare 'ya'yansu da ke ci-rani. Ka gafarta mana taurin kunne, ka ba mu zuciyar da take ganin mutum. Ka sa mu gane muryarka yau in ka kira mu, mu bi ka. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.

Kafin ka fita, ɗan'uwa, nemi takarda. Rubuta sunan waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu, har da wanda kuke gaba da shi, ka ambace su ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. In ka fita kuma, mutumin farko da ya yi maka hidima yau, tambaye shi sunansa, ka gaishe shi da shi.